Jitar Jikan Alhaji

Yaran yanzu in sun shigo shagona, waya ce a hannu. Sai yaro ya miƙo mini hoto ya ce irin wannan yake so, ƙarama, mai araha, wadda ba za ta ba shi wahala ba. In na sauko masa da ita ya ja tsirkiya sau ɗaya, ya ji ta amsa, shi ke nan ya gama zaɓe. Wani ma har ce mini ya yi wai sana'ar nan tawa hutu ce, zama a inuwa ana jin kiɗa. Na ce masa haka ne, shi ma mahauci ai kallon nama yake wuni yana yi. Na tsufa a gyaran jita da sayar da ita a nan bayan Babbar Kasuwar Kaduna, amma har yau in zan zaɓa wa mutum ƙarama mai sauƙin kuɗi sai na natsu. Mai tsada kowa ya iya zaɓenta, don waɗanda suka ƙera ta sun riga sun yi maka rabin aikin. Mai araha ce take son ido.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan kankare gam ne. Ni ɗan kafinta ne, mahaifina ya taso daga Katsina ya zauna a Kaduna yana yi wa ma'aikatan gwamnati kujeru, saboda haka a ganina katako ba shi da sirrin da ban sani ba. Maƙwabcin shagonmu wani dattijo ne, Baba Danjuma, tsohon mabushin badujalar soja da ya bar aiki ya koma gyaran kayan kiɗa. Ya ga leƙena ya yi yawa, ya roƙi mahaifina ya ba shi ni. Ranar da na fara ya miƙo mini wata jita da jakinta ya ɓalle. Jaki shi ne guntun katakon nan da yake manne a kan cikin jita, inda ake ɗaure tsirkiyoyi. Ya ba ni reza da ruwan ɗumi a gwangwani, ya ce in cire tsohon gam ɗin tas, kada in ji wa katakon ciwo. Na wuni a kan wurin da bai fi faɗin yatsu biyu ba. Da yamma ya rufe ido ya shafa da ɗan yatsa, ya ce akwai saura. Washegari ma haka ya ce.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba, kuma su nake amfani da su har yanzu: ƙananan magagari, sanfefa, reza, matsi na katako da muke sassaƙawa da kanmu, guntun madubi da ake zurawa a ramin jita a ga abin da ya sake a ciki, sai kwalin ashana. Duk wanda ya ga ashanar nan sai ya ɗauka sigari nake sha.

To ku da kuke ganin abin sauƙi ne, ga abin da ya koya mini. In ka ɗauki jita mai araha, kada ka fara da jin muryarta, murya tana yaudara. Ɗaga ta ka hangi wuyanta tun daga kai, yadda kafinta yake hangen katako, ka ga ko ya lanƙwashe. Sannan ka zura tsinken ashana ƙarƙashin tsirkiya, daidai inda wuya ya kusa haɗuwa da jiki. In ya shiga cif, alhamdu lillahi. In ya wuce yana rawa, tsirkiyar ta yi sama, kuma za ta ci yatsun mai ita har ya jingine ta a bango ya manta. Ka tura gefen takarda a ƙasan jaki, in ta shige to ya fara ɗagawa. Ka bi gefen wuya da yatsa, don in rani ya yi katako yakan tsuke, ƙarafunan nan na kan wuya su turo baki suna yanka. Ka murɗa kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya ka ji ko suna riƙewa. Kuma kada a ruɗe ka da cewa ta falanki ce, irin siraran katakon nan da ake mannewa a haɗa, ba gundarin katako ba. A garin nan da damina take jiƙa komai rani ya busar da shi, ta falankin ta fi haƙuri. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ni ba ado nake sayarwa ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar da aka yi rikici gari ya rabu. Kafin nan masu cinikinmu 'yan waƙar coci ne, da makaɗan otal, da samarin sojan sama da suke saukowa daga Mando ƙarshen wata. Da fitina ta lafa, da yawansu suka kwashe suka koma ƙetaren kogi, kuma wanda ya ƙetare ba ya sha'awar dawowa don tsirkiya ɗaya. Baba Danjuma ma ya bi 'ya'yansa can. Ya bar mini shago da jakar kayan aiki, ya ce in riƙe. Na riƙe, amma sai in buɗe da safe in rufe da yamma ban taɓa jita ba sai don goge ta. Har bencin mai shayi na koma gyarawa. Mahaifina ya ce in dawo kafinta, wa zai sayi jita a wannan ɓangaren?

Ashe akwai masu saye, ban san su ba ne. Sai bayan la'asar za ka ga mutum cikin kaftani mai guga, hula zanna, ya wuce shagon kamar ba nan zai zo ba, ya dawo, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya shigo. Bayan gaisuwa sai ya ce wata 'yar jita yake nema wa yaronsa. Ko kuma ya fito da tsohuwa daga bayan mota ya ce ta ƙanensa ce ta lalace. Manyan ma'aikata ne, da malaman makaranta, da likitoci, waɗanda suka koyi kaɗawa suna ɗalibai a kwaleji, suka girma suka yi iyali, aka fara kiransu Alhaji. Kun dai san mutanenmu. Mutum mai muƙami, suruki a wani gida, mai sahun gaba a masallacin unguwa, ba zai so a ji yana kiɗa ba, kada a ce ya zama maroƙi. Shi ya sa duk ƙarama suke so. Tana shiga kwaba ta ɓuya a bayan riguna, kuma muryarta ba ta tsallake katanga. Ni kuwa ban taɓa tambayar mutum sunan yaron ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Waɗannan bayin Allah su suka riƙe mini shago har gari ya warware.

Akwai ciniki ɗaya a cikin irin waɗannan da ya fi kowanne ba ni tsoro, kuma bai daɗe ba. Wata ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya, wani matashi ya fito ya zagaya ya kamo wani dattijo. Matashin ya ce sunansa Kabiru, daga Badarawa suke, wannan mahaifinsa ne Alhaji Lawal, tsohon ma'aikacin gwamnati. Alhaji yana jan ƙafar hagu, hannun hagu kuma a naɗe yake a kan cikinsa. Na ba shi kujera. Kabiru mutum ne mai fara'a da yawan magana, kafin in tambaya ya ba ni labari. Ya ce hawan jini ne ya kayar da Baba ya taɓa masa ɓarin jiki. Ƙafa ta fara dawowa, hannu ne ya ƙi. Likita ya ce in ba a motsa yatsun nan kullum ba za su sandare, ya ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa, Baba ya wurgar da ita ya ce shi ba jariri ba ne. Tun da ya kwanta bai nemi a kai shi ko'ina ba sai yau, da ya tashi ya ce a kawo shi ya saya wa jikansa Amir jita.

Na dubi Alhaji. Shi ba ni yake kallo ba, jitocin da suke rataye yake bi da ido, kuma ba launi yake dubawa ba, wuya yake dubawa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Nan take na gane ko wane ne jikan. Matsalar ita ce Kabiru bai gane ba. Shi da gaske ɗansa yake saya wa, yaron da bai daɗe da shiga firamare ba. Ya nufi wata ja mai walƙiya da zanen tsuntsu a jiki, irin wadda nake ajiye wa masu bikin zagayowar haihuwa, ya ce wannan ta yi, ai ko wacce aka ba Amir kwana kaɗan zai fasa ta. Ita kuwa tsirkiyarta ta yi sama kamar igiyar shanya, ko mai lafiyayyen hannu sai ya yi da gaske. Alhaji kuwa ya shiga tsaka mai wuya. In ya ƙi ta, sai ya faɗi dalili a gaban ɗansa. In ya karɓa, zai kai ta ɗaki ya gwada, yatsu su kasa, ya ce hannun ne ya mutu, ba zai ce jitar ba ce. Kuma mutumin da ya wurgar da ƙwallon likita ba zai sake gwada wani abu ba.

Ana cikin haka aka kira azahar, na samu sararin tunani. Na kawo buta. A bakin shagona na ga abin da ya kawo dattijon nan. Kabiru ya tsuguna yana zuba masa ruwa, da aka zo ƙafa ya kama ƙafar mahaifinsa ya wanke masa, cikin ladabi, ba ƙyashi ba gaggawa. Yaron kirki ne, Allah ya sani. Amma Alhaji ya kau da kai yana kallon titi har aka gama, kuma na ga yadda muƙamuƙinsa yake motsi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Da muka dawo daga masallaci aka ce motar Kabiru ta tare wa mai sauke kaya hanya, ya tafi gyarawa. Muka rage mu biyu. Na shiga ciki na fito da wata 'yar gwanjo da na daɗe da ajiyewa, ƙaramin jiki, siririn ƙugu, gajeren wuya, fentin gefenta duk ya goge. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma wuyanta a miƙe yake sambal. Na ɗora masa a cinya. Hannun dama ya sauka inda ya kamata ba tare da ya duba ba. Da shi ya kamo na hagun ya kai shi wuya, babban yatsa ya zagaya baya da kansa, sauran suka tsaya a kan tsirkiya suna rawa. Ya danna, sauti bai fito ba. Ya sake dannawa.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malam Sale, yaron nan da zan saya wa, hannunsa na hagu ba shi da ƙarfi sosai."

Na ce, "Allah ya ba shi lafiya, Alhaji. Akwai yadda ake yi wa irin waɗannan yaran. A bar mini ita zuwa jibi."

Kabiru ya dawo ya tarar da ita a cinyar mahaifinsa, ya yi dariya ya ce wannan ai ta girmi Amir, ta girme shi shi ma. Na sauko da jar, na zura takarda ƙasan jakinta a gabansa, ta shige. Na ce masa wannan ba zan sayar wa mutumin da ya zo da dattijo ba, kafin sallah za ta ɓalle. Ya gamsu, na ce na huta. Sai kuma ya juya ya ce to tunda ta kirki za a saya, a ba shi babbar can mai sheƙi, yaro ya girma ya same ta, kada a ce kakansa ya yi masa kyautar gwanjo. Ka ji wata sabuwa. Babbar jita cikinta faɗi ne da shi, wuyanta dogo, tana tura hannun hagu can nesa, kuma Alhaji ko ɗaga nasa bai iya yi sosai ba.

Na ce shawara ce mai kyau, amma tunda mai kayan bai zo ba, Alhaji ya daure ya gwada masa duka biyun, ai hannun kaka da na jika ɗaya ne. Kabiru ya ce wallahi haka ne, abin ma ya ba shi nishaɗi. Aka ɗora masa babbar, ta cika masa ƙirji, hannu bai kai ko rabin wuya ba. Aka mayar masa da ƙaramar ta zauna daram. Ya riƙe ta ya ɗan jima.

Ya ce, "Kabiru, wannan za ta yi masa."

"Baba, tsohuwa ce fa."

"Jikana ne. In ka tashi saya wa ɗanka, ka sayi babbar."

Kabiru ya yi dariya ya ce shi ba ya shiga tsakanin kaka da jika.

Aikin da na yi wa jitar nan ban taɓa yi wa mai tsada ba. Na cire tsirkiyoyin waya na sa na roba, masu taushi. Su sun fi kauri, dole na bi ramukansu na can sama da magagari a hankali ina buɗawa. Na zare ɗan farin ƙashin da yake kan jaki, na goga gindinsa a sanfefa, in mayar in gwada, in sake zarewa, har tsirkiya ta sauko ta kusa kwanciya a kan ƙarfe. Nan ne wurin haɗari, don in ka wuce kaɗan sai ta riƙa zuza kamar ƙuda a kwalba, ka ɓata ƙashin. Na bi bakin ƙarafuna na gefe na dasashe su, saboda hannun da ba ya ji sosai zai yanke bai sani ba. Na sassauta ɗaurin gaba ɗaya. Da na gama sai na gwada da ƙaramin yatsana na hagu shi kaɗai, ban sa ƙarfi ba, ta amsa. Kabiru ya zo ya ɗauka.

Daga nan shiru. Damina ta shigo ta fita ban ji komai ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Sau ɗaya na haɗu da Kabiru a layin masu yadi, na ce yaya Amir da jitarsa. Ya ce ai Amir ko taɓa ta bai yi ba, Baba ya ce ya yi ƙanƙanta, ya kai ta ɗakinsa zai ajiye masa. Na ce jikin Alhaji fa? Ya ce da sauƙi, irin da sauƙin da kowa yake faɗa. Na dawo shago ban san ko murna zan yi ba. Jita tana ɗaki, amma a cinya take ko a saman kwaba, Allah kaɗai ya sani. Na sha tunanin ko da na ƙara sauke tsirkiyar, ko da na zaɓi wadda ta fi siririn wuya. Duk lokacin da aka yi sanarwar rasuwa daga Badarawa sai na kasa kunne in ji suna.

Bayan ƙaramar sallah, wata safiya, napep ta tsaya a ƙofar shago. Wata dattijuwa ta sauko rungume da abu a naɗe cikin zane. Ta yi sallama ta ce ita ce maiɗakin Alhaji Lawal na Badarawa. A sana'ar nan in mace ta kawo jitar mijinta, ɗayan biyu ne: ko ta gano ta a kwaba ranta ya ɓaci, ko mai ita ya riga mu gidan gaskiya ana rage kaya. Na ba ta kujera, muka gaisa, na tambayi mutanen gida ina kallon bakinta. Ta ce kowa lafiya.

Na warware zanen. Kafin ta yi magana wuyan jitar ya ba ni labari. Katakon nan tsakanin ƙarafunan farko ya yi duhu ya yi santsi, gurbin yatsu ya fito ɗaya-ɗaya. Tsirkiyoyin sun cinye daidai inda ake dannawa, ɗaya ma ta fara tsagewa. Jitar da take saman kwaba ba ta yin haka. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Hajiya ta gyara mayafinta, fuskar nan ba alamar wasa, ta ce, "Saƙo ne daga jikan Alhaji. Ya ce a gaishe ka. Ya ce waɗannan na robar sun yi masa laushi yanzu, a mayar masa da na waya."

Na ce, "An gama, Hajiya. Yaya hannun yaron?"

"Alhamdu lillahi. Tun kafin azumi ya hana kowa riƙe masa buta. Hannun dama ya zuba, na hagu ya wanke."

Na ce Allah mun gode maka, na sake faɗa. Na jawo jakar kayan aiki, na ce ta zauna ta jira, yanzun nan zan yi ba sai gobe ba. Ta zauna tana kallon titi ina kwance tsirkiya. Da na kai ta uku sai na ji ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Sai dai fa yaron nan ya dame mu, Malam Sale. Bai iya komai ba sai waƙoƙin zamanin da ake neman aurena."